A Yi Wasa, A Bar Zagin Iyaye Da Ƙabila

Duk wanda ya zaga unguwannin Minna da maraice a 'yan shekarun nan, ko Bosso ne ko Tunga ko Kpakungu ko Chanchaga, zai tarar da samari a gindin inuwa ko a bakin shagon cajin waya, kowa ya duƙufa a kan wayarsa da abin sauraro a kunne. Wasa suke yi, irin wanda ake yi ta intanet, inda yaro yana zaune a Limawa amma abokin karawarsa yana Ikko ko Fatakwal ko ma wata ƙasa can dabam. Shi wasan a kan kansa ba abin ƙi ba ne. Abin da ya sa tilas a yi magana shi ne irin kalaman da ke fita daga bakin yaran nan sa'ad da wasa ya yi zafi, kalaman da in da a gaban mahaifi ne ko malami, da babu mai iya furta ko ɗaya daga cikinsu.

Wani mai karatu a Agege ko Idi-Araba ko Sabon Badun zai ce, to, ina ruwan mazaunin Kurmi da abin da yara ke yi a Minna? Ruwansa kuwa babba ne. Da yawa daga cikin wayoyin nan, da gumin mutanen Arewa mazauna Kudu aka saye su: mai sayar da shanu, mai gadi, ɗan acaɓa, mai canji, kowa yana aika wa ɗa ko ƙane da waya da kuɗin data domin a riƙa jin lafiyar gida. Har wa yau, yaran da aka haifa a Kudu suna shiga fili ɗaya ne da na Minna, suna haɗuwa a can da 'ya'yan Yarbawa da na Ibo da sauran ƙabilu. Abin da aka faɗa a wannan fili yana iya biyo mutum har bakin rumfarsa.

Ya kamata magabata su san yadda abin yake, domin ba a gyaran abin da ba a sani ba. Wasan Free Fire ya fito a 2017, PUBG Mobile a 2018, Call of Duty Mobile kuwa a watan Oktoba na 2019. A cikin PUBG akan zuba mutum 100 a wani tsibiri, sau da yawa huɗu-huɗu a ƙungiya, a yi ta fafatawa har ƙungiya ɗaya ta rage. A Free Fire mutum 50 ne, kuma cikin kamar minti goma an gama. Akwai kuma wasannin ƙwallo irin su eFootball, wanda a da ake kira PES, da ake bugawa a waya ko a gidajen gem. A wasannin harbi 'yan ƙungiya suna magana da juna kai tsaye da murya, kuma kowa yana fakewa ne da sunan da ya laƙaba wa kansa. Ba a ganin fuskarsa, ba a san gidansu ba. Daga nan ɓarnar take farawa.

Ɓarnar nan iri-iri ce. Akwai mai ɗura wa abokin wasa ashar saboda ya yi kuskure ɗaya. Akwai mai kashe data da zarar ya ga za a ci shi, domin kada abokin karawarsa ya ji daɗin nasara. Akwai mai sa manhajar maguɗi wadda ke nuna masa maɓoyar abokan gāba, sa'an nan ya zo yana tinƙaho da cin da ba nasa ba. Akwai masu taruwa a kan sabon shiga su yi ta muzanta shi har ya bar wasan. In kuwa aka ji muryar yarinya a fili, sai maganganun batsa su tashi, har ta gwammace ta yi shiru ko ta ɗauki sunan namiji. Daɗin daɗawa, inda aka sa kuɗi a tsakani, watau wasa ya koma caca, to, faɗan ba ya tsayawa a waya, domin wanda aka ci ya san inda zai sami wanda ya ci shi.

Amma mafi muni duka shi ne zagin ƙabila da addini. Yaro ɗan Arewa ya buɗe baki, a ji karin harshensa, nan take wani ya jefe shi da "aboki" da nufin raini, ko ya danganta shi da 'yan ta'adda. Shi kuma ba zai haɗiye ba, sai ya mayar da wadda ta fi ta zafi, ya haɗa da uwa da uba da ƙabilar mutum gaba ɗaya. Gaskiya ɗaya ce, laifin nan ba na ɓangare ɗaya ba ne, kuma babu amfanin a tsaya neman wanda ya fara. Yaran Arewa ma suna farawa, suna kuma zagin junansu, Bahaushe da Banufe da Bagwari, alhali a Minna unguwa ɗaya suke, rijiya ɗaya suke sha. Ga shi kuma yanzu ana ɗaukar muryar zagin nan a watsa ta a WhatsApp da TikTok, ta kai kunnen waɗanda ba su san ma a wajen wasa aka yi ta ba.

Mazauna Kurmi ba su bukatar a gaya musu abin da baƙar magana take haifarwa. A watan Fabrairu na 2021, rikicin kasuwar Shasha a Badun ya taso ne daga cacar baki tsakanin mutane ƙalilan. Kafin a ankara an rasa rayuka, an ƙone rumfuna da gidaje, mutane da yawa sun kwashe iyalansu sun nufi gida, har sai da gwamnoni huɗu daga Arewa, ciki har da na Neja a lokacin, Alhaji Abubakar Sani Bello, suka tafi Badun domin a kashe wutar. Rikicin Shasha ba daga wasan waya ya taso ba, amma ya nuna cewa inda zukata suka riga suka cika, magana ɗaya ta isa. Idan yaro ya shekara biyar yana jin ana zagin ƙabilarsa kullum dare, shi ma yana zagin ta wani, da wace irin zuciya zai fito kasuwa ranar da ya girma?

Kada kuma a ɗauka cewa abin da aka yi a waya a waya yake ƙarewa. A Amurka, a watan Disamba na 2017, wasu samari biyu suka yi saɓani a wasan Call of Duty a kan cacar dala ɗaya da rabi. Ɗayansu ya sa wani mutum ya buga wa 'yan sandan garin Wichita waya da rahoton ƙarya, cewa an yi kisa ana kuma garkuwa da mutane a wani gida. 'Yan sanda suka je, suka harbe wani magidanci ɗan shekara 28 a ƙofar gidansa, mutumin da bai san hawa ba bai san sauka ba. A 2019 kotu ta ɗaure wanda ya buga wayar shekara 20. A watan Agusta na 2018 kuma, a garin Jacksonville, wani da ya shiga gasar wasan bidiyo ya buɗe wa 'yan'uwansa 'yan wasa wuta, ya kashe mutum biyu, ya kashe kansa.

Minna tana da nata dalilin yin hattara. Garin ya sha fama da faɗace-faɗacen 'yan daba tsakanin unguwanni, har ta kai a watan Afrilu na 2025 gwamnatin Muhammad Umaru Bago ta taƙaita zirga-zirgar babura da Keke Napep da dare a cikin gari. Ba wasan waya ne ya kawo daba ba, domin daba ta girme shi nesa ba kusa ba. Amma garin da samarinsa suka riga suka rabu unguwa-unguwa ba ya bukatar ƙarin wurin da za a riƙa ƙulla gaba da tsakar dare, iyaye suna barci.

Abin mamaki shi ne, mutanen Arewa ba baƙin wasa mai zafi ba ne. Babu wasan da ya kai dambe zafi, kuma mazauna Ikko sun san haka, tun da filayen dambe sun bi 'yan Arewa har can. Ɗan dambe yakan shiga fili ya yi kirari, ya cika baki, makaɗi ya zuga shi kamar yadda Ɗan Anace ya riƙa zuga Shago. Duk da haka akwai iyaka. Turmi uku ne, in hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa, alƙali ya raba, ba a bin wanda ya faɗi da duka. 'Yan Kudu da Jamus da Guramada sukan gwabza da yamma su ci abinci tare da dare. Ɗan dambe yana kirari ne da ƙarfinsa da tarihin gidansu, ba ya taɓa uwar abokin karawarsa. Haka nan a gindin dara, tsofaffi sukan yi wa juna ba'a har a yi ta dariya, a tashi ba wanda ya riƙe wani a zuci.

Ko ba'ar ƙabila ma tana da tsarinta tun kaka da kakanni. Katsinawa da Nufawa abokan wasa ne, haka Kanawa da Zazzagawa, Fulani da Barebari, Gobirawa da Yarbawa. Bagobiri zai tsokani Bayarabe a tsakiyar kasuwa, kowa ya yi dariya, domin duka biyun sun san dokar wasan kuma sun san inda ake tsayawa. Abin da ya riƙe waɗannan wasanni shi ne ana ganin fuskar mutum, an san gidan da ya fito, akwai kuma dattijo a bakin fili wanda in ya ɗaga hannu kowa zai tsaya. Filin intanet ya zo ba tare da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma yara suka shige shi su kaɗai.

Mutanen Minna suna da abin misali a gida. Ƙungiyar Niger Tornadoes ta ci kofin ƙalubale na ƙasa a 2000 bayan ta doke Enugu Rangers da ci ɗaya da nema. A 2017 ta sake kaiwa wasan ƙarshe, a filin wasa na Agege, inda Akwa United ta doke ta a bugun fenariti. Ƙungiya ɗaya ce ta ɗanɗani zaƙi ta kuma ɗanɗani ɗaci, kuma haka wasa ya gada. Wanda bai iya shan kaye ba, bai isa a kira shi ɗan wasa ba, ko da kuwa a waya yake bugawa.

Waɗansu za su ce a hana wasannin kawai a huta. Wannan ba zai yiwu ba, kuma ba shi ne magani ba. Wasan bidiyo ya zama sana'a a duniya, har an ba da lambobin yabo a kansa a gasar wasannin nahiyar Asiya da aka yi a Hangzhou ta ƙasar Sin a 2023. Yaron da aka ƙwace wa waya zai ari ta abokinsa. Kamfanonin ma suna nasu ƙoƙarin: akwai wurin toshe muryar mai zagi da wurin kai ƙararsa, kuma a 2023 kamfanin Activision ya fara amfani da wata na'ura mai sauraron muryoyin 'yan wasa domin kama masu zagi. Sai dai da Turanci aka fara, kuma mai jiran ranar da na'urar Turawa za ta gane ashar da Hausa ko Nufanci ko Gwari zai daɗe yana jira. Doka ma tana nan: sashe na 26 na dokar laifuffukan intanet ta 2015 ya haramta cin mutuncin mutum a bainar jama'a ta hanyar kwamfuta saboda ƙabilarsa ko addininsa, da hukuncin da zai iya kai ɗaurin shekara 5. Amma babu uban da zai so a ce sai a gaban alƙali ɗansa zai koyi ladabi.

Saboda haka aikin na gida ne, kuma a mayar da dattijo bakin fili. Uban da ke Kurmi, sa'ad da zai aika da kuɗin data, ya tambayi wane wasa ake yi, da su wa, har ƙarfe nawa, ya kuma wakilta wani babba a gida ya riƙa sauraron abin da yaro ke faɗa. Masu gidajen gem a Minna su kafa doka a rubuce a bango: ba zagi, ba caca, wanda ya karya a tashe shi. Shugabannin ƙungiyoyin 'yan wasa, waɗanda su ma samari ne, su kori mai maguɗi da mai zagin ƙabila ko da ya fi kowa iyawa. Ɗaliban Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, wadda aka kafa a 1983, suna da ilimin da za su shirya gasa a fili, da alƙali da ƙa'ida, a gayyato unguwanni su kara ido da ido, a gaisa kafin wasa a gaisa bayansa, hukumar wasanni ta jiha kuma ta tallafa musu. Sarakunan Hausawa na Agege da Sabon Badun da Shagamu su sa wannan magana cikin abin da suke tattaunawa da shugabannin matasa da kuma masu masaukinsu.

Su kuma samari, su sani cewa ɓoye suna ba ya ɓoye tarbiyya. Wanda ya zagi uwar wani, tasa ya jawo wa zagi, kuma wanda ya zagi ƙabilar wani daga ɗakinsa a Maitumbi, wataƙila kawunsa ne mai tura baro a Mile 12 zai biya bashin. In an ci ka, ka ce wa abokin karawarka sannu da ƙoƙari, ka sake shiri. In kai ka ci, ka yi murnarka ba tare da ka wulaƙanta kowa ba. Kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya shirya zuriya, Ya zaunar da ƙasa lafiya.