Ɗalibanmu a Ƙasashen Waje: Kallo ko Koyo?

Ga wata magana da ta kamata mu duba.

Tura 'yan makaranta ƙasashen waje ya zama al'ada a jihar Kano. A 2012 gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta aika ɗalibai 501 ƙaro ilmi. A 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta shelanta gurabe 1,001, rukunin farko suka tafi Indiya da Uganda. Bayan karatun aji, ɗalibi a can yakan sami zarafin ziyara iri biyu, watau shiga ma'aikatu, da kuma yawon ganin gari.

Wannan ba baƙon abu ba ne. A 1943 Malam Abubakar Imam ya tafi Ingila tare da editocin Afirka ta Yamma. Da ya komo sai ya rubuta littafin Tafiya Mabuɗin Ilmi, har wanda bai taɓa ganin teku ba ya ƙaru. Abin koyi ke nan.

To, ku dubi birnin Agra na Indiya. Nan ne Taj Mahal, ginin farin dutse da Sarki Shah Jahan ya soma a 1632, wanda kowane baƙo ke marmarin gani. Amma kuma garin yana cikin manyan wuraren ɗinkin takalma na ƙasar. Mu kuwa kasuwar shanu tana nan Wudil, majemu suna Challawa da Sharaɗa, fatunmu ana kai su Italiya, sa'an nan mu sayi takalmin waje da tsada. Ɗan Darki da ya isa Agra ya ɗauki hoto kaɗai ya juyo, bai tambayi yadda ake yankan fata ba, ko nawa ƙafa ɗaya ke ci, ko mutum nawa ke kan keke guda, lalle ya bar rabin guzurinsa a hanya.

Ba mu ce kallo laifi ne ba, gani ya kori ji. Amma fa tun da aka saki darajar naira a Yuni 2023, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024. Kowace rana a waje kuɗi ne tsababa, na talakawa ko na iyaye.

Falken Kantin Kwari da ya je Guangzhou ba ya komowa sai da samfur da farashi. Almajirin da ya je gabas kuma, malaminsa yakan zaunar da shi ya ji tilawarsa. Haka ya kamata a yi wa ɗalibi. Kafin ya tashi a rubuta masa tambayoyi. In ya komo ya zauna da dukawa da 'yan kasuwa, ko a jami'ar Wudil, ya ba da bayani da Hausa.

Iyaye, in yaronku ya sauka, kada ku tsaya ga tsaraba. Ku ce masa, "Me ka koyo?"