Gani Ba Ci Ba Ne

Tun daga shekarar 2020, sa'ad da annobar korona ta rufe makarantu, kuma malaman jami'a suka shiga yajin aiki tun watan Maris har Disamba, akwai wata magana da ta zama zuma a bakin mahukuntanmu. Da an ce musu ɗakunan karatu sun cika sun batse, sai su ce ai yanzu zamanin intanet ne. Da an ce musu malamai sun yi kaɗan, ko kuwa kayan aiki sun lalace, sai su ce ai akwai bidiyo, yaro ya ɗauki wayarsa ya kalli lacca daga bakin manyan masana na duniya. To, jama'a, yau muna so mu duba wannan magana a kan fanni guda, watau ilmin sinadarai, wanda 'yan makaranta ke kira kemistiri, musamman reshensa na awon haske. Mun zaɓe shi ne don a nan ne asirin maganar ke tonuwa da sauri.

Da farko bari mu gaya wa mai karatu ko mene ne awon haske, don kada a ce muna yi wa talakawa Turanci da Hausa. Kowace mace da ta taɓa zubar da gishiri a murhu ta ga harshen wuta ya koma rawaya. Wannan rawaya ba tsafi ba ne, sinadarin sodiyam ne da ke cikin gishiri ke nuna kansa. Kowane sinadari da Allah ya halitta yana da irin hasken da yake fitarwa da irin wanda yake haɗiyewa, kamar yadda kowane mutum ke da zanen yatsa nasa na kansa. Wasu Jamusawa biyu, Bunsen da Kirchhoff, su ne suka mayar da wannan abu sana'a a garin Haidelbag. Da na'urarsu suka gano sabon sinadari mai suna siziyam a 1860, da rubidiyam a 1861. A 1868 masana suka hango alamar hiliyam cikin hasken rana, alhali kuwa ba wanda ya riƙe shi a doron ƙasa sai 1895. Yau da wannan ilmi ne ake sanin ko ƙwayar magani ta gaskiya ce ko alli ne aka dunƙule, ko ruwan rijiya na da guba, ko takin zamani da aka sayar wa manomi taki ne ko yashi.

Kada wani ya ce mu maƙiyan ci gaba ne. Ba mu ƙi bidiyo ba, kuma ba za mu ƙi shi ba. Mun san amfaninsa sarai. Malami yana tsaye gaban ɗalibai ɗari huɗu da ɗan guntun alli, yana ƙoƙarin kwatanta musu yadda ƙwayoyin zarra ke miƙewa suna lanƙwasawa in hasken infared ya doke su, na baya ba sa ji, na tsakiya ba sa gani. Bidiyo kuwa zai nuna motsin nan ƙiri-ƙiri cikin minti biyu, wanda bai gane ba ya mayar baya ya sake kallo har sau goma, ba mai yi masa tsawa. Jami'ar MIT ta Amurka ta yi shelar buɗe darussanta kyauta ga duniya tun 2001. Ƙasar Indiya ta kafa shirin NPTEL a 2003, inda malaman manyan cibiyoyinta na fasaha suka zauna aka ɗauki laccocinsu, har da na awon haske, kuma ga su nan kowa na iya kallo ba ko kwabo. Yaranmu da yawa sun ci jarrabawa da taimakon waɗannan, mun kuwa gode wa masu yin su.

Amma fa gani ba ci ba ne. Wanda ya kalli maƙeri shekara guda ta taga bai iya ƙira ba, kuma ba wanda zai ba shi garmarsa ya gyara.

Ga misali. A cikin bidiyo, malami zai ɗauki ɗan garin abin da ake so a gwada, ya niƙa shi da wani gishiri na musamman, ya matse su su zama faifai garau kamar gilashi, ya sa cikin na'ura, sai zane ya fito tsaf. Ya nuna maka wani rami mai zurfi kusa da lamba 1700, ya ce wannan shaidar haɗin kabon da oksijin ce. Shi ke nan, an gama, kowa ya gamsu. Amma ranar da ɗalibi ya yi da hannunsa, faifan zai fito fari fat ba ya ratsuwa, ko ya tsage. Gishirin nan yana shan laima, in damina ce sai ka ga wani faffaɗan rami ya bayyana wajen 3400, ka zaci ka gano wani abu, ashe ruwa ne ya shiga. In hunturu ne ƙura ta sauka kan madubi. In ka taɓa gefen 'yar kwalbar awo da yatsa mai maiƙo, lissafinka duka ya karkace. Sanin cewa sakamakon da na'ura ta ba ka ƙarya ne, da sanin dalilin ƙaryar, wannan shi ne rabin sana'ar. Ba a nuna shi a bidiyo, domin mai bidiyo in ya yi kuskure yankewa yake yi ya sake ɗauka. Ba a koyonsa sai da ɓarna, sai da malami a tsaye bisa kanka yana ce maka sake.

Wani zai ce to mene ne na tayar da jijiyar wuya a kan faifan gishiri? Bari mu tuna masa. A 2010, a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, yara suka riƙa suma suna mutuwa, iyaye ba su san dalili ba. Ashe gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a tsakar gida. Yara aƙalla 400 suka rasu. Ƙungiyar likitoci ta MSF ce ta fara ankara, kuma jinin farko da aka ɗiba har Turai aka kai shi awo. Da aka zo auna ƙasar gidajen, baƙi ne suka zo da ƙananan na'urorin awon haske na hannu. Kafin wannan, a 2008, maganin haƙorin jarirai da aka gurɓata da sinadari mai kashe ƙoda ya halaka yara 84 a ƙasar nan, kuma ba shi ne na fari ba, domin a 1990 irin wannan guba a cikin ruwan maganin zazzaɓi ta kashe yara fiye da 100. Waɗannan 'ya'yan wa ne? 'Ya'yan talakawa ne. Wanda ke tsaye tsakanin guba da bakin jariri ba kowa ba ne illa ma'aikacin ɗakin gwaji wanda hannunsa ya san aiki. In jami'o'inmu suka yaye mana masu digiri da ba su taɓa kunna na'ura ba, sai dai sun kalle ta a waya, to wa zai tsaya a wannan gurbi?

Gwamnati ba za ta ce ba ta sani ba. Ita da kanta ta naɗa kwamitin duba buƙatun jami'o'i a ƙarƙashin Farfesa Mahmood Yakubu, ya kuma miƙa rahotonsa a 2012. A cikin abin da kwamitin ya gano har da ɗakunan gwaji inda risho na kananzir ya maye gurbin fitilar Bunsen. Ku duba wannan abin kunya, jama'a: fitilar da aka ƙera tun ƙarni na 19 ta gagari jami'ar ƙasa mai arzikin gas. A 2013, bayan yajin aiki na wata biyar da ɗoriya, aka yi alkawarin zuba naira tiriliyan 1.3 cikin shekara 6. Aka ba da kashin farko na biliyan 200, sa'an nan abin ya koma tsiyaye kamar ruwan famfon unguwar talakawa. A 2022 aka sake rufe jami'o'i wata 8 cur. Mutanen da suka gaza cika wannan alkawari su ne yau ke yi mana wa'azin zamanin intanet. Ina dalili? Dalili shi ne bidiyo ba ya cin albashi, ba ya buƙatar janareta da sinadarai da mai gyara, kuma ba ya yajin aiki.

Wannan rawa ba yau aka fara ta ba. Dattawanmu sun tuna da motar majigi da ke zagaya garuruwa zamanin Turawa, ana nuna wa jama'a tsabta da noman zamani a jikin farin ƙyalle, in gari ya waye mota ta wuce, rijiya tana nan yadda take. Da aka buɗe talabijin a Ibadan a 1959, da Kaduna a 1962, da sunan ilmi aka yi ta yabonsu. Maƙwabtanmu na Nijar sun fara koyar da yaran firamare ta talabijin a 1964. Kowane zamani da akwatinsa, kuma kowane akwati akan ce shi ne zai raba mu da wahalar gina makaranta.

Mu dubi waɗanda suka yi abin da gaske. Ingila ta kafa Buɗaɗɗiyar Jami'a a 1969, ɗalibai suka fara karatu a 1971, suna kallon laccoci ta BBC a gidajensu. Amma Turawan ba su ce kallo ya wadatar ba. Ɗalibin kimiyya akan aiko masa da akwati har gida, da sinadarai da kwalabe da ɗan madubin duba ƙananan halittu, ya yi gwaji bisa teburin cin abincinsa. Sa'an nan da bazara dole ya je wata jami'a ya yi mako guda a ɗakin gwaji na sosai. Su Indiyawan nan ma da muke kallon laccocinsu, ɗalibansu na cibiyoyin fasaha suna fita daga lacca su shiga ɗakin da na'ura ke aiki. Su sun ɗora bidiyo a kan ɗakin gwaji ne. Mu kuwa ana so a ba mu shi a madadin ɗakin gwaji, an yi tuya an manta da albasa.

Akwai kuma batun da masu mulki ba sa son a tayar. Wa ke iya kallon bidiyon? Laccar sa'a guda tana lashe data mai yawa, kwas guda kuwa laccoci ne wajen arba'in. Ɗan mai hali yana da kwamfuta, da sola a rufin gida, da intanet da ba ya yankewa. Ɗan manomi daga Gwaram ko Illela yana da waya mai tsagaggen gilashi, yana biyan mai caji a bakin tasha, yana zaɓe tsakanin data da abincin dare. Ga kuma Turancin mutumin Boston ko na Madras, wanda ko malamin ma sai ya kasa kunne. In aka ce kowa ya je ya kalla a gida, an raba aji biyu ke nan ba tare da an faɗa ba, kuma mun san wanda zai faɗi.

Saboda haka ga abin da muke nema, kuma ba abin da ya fi ƙarfin ƙasar nan ba ne. A ɗauki laccoci, na'am, amma malamanmu su yi su, a biya su ladan aikinsu, a kan irin na'urar da ɗalibi zai tarar a sashensa, da misalai daga ruwan rijiyoyinmu da man gyaɗarmu da kanwarmu. Ba laifi ba ne a ƙara bayani da Hausa ko wani harshen gida inda magana ta yi tsauri. A ajiye su a kwamfutocin jami'a yadda ɗalibi zai kwashe su a wayarsa ba sai ya sayi data ba. Lokacin da bidiyo ya rage wa malami na maimaita lacca, a mayar da shi ɗakin gwaji, kada a ce an sami hanyar rage malamai. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa kuma ta daina yarda da kayan aro da ake jerawa ranar da masu duba suka zo, a kwashe su washegari. Ta tambayi ɗalibi ɗan aji huɗu da bakinsa: sau nawa ka gwada abu da hannunka a wannan na'ura?

Mun san babbar na'urar NMR tana da tsada, tana kuma buƙatar ruwan hiliyam mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifiri, da wutar da ba ta ɗaukewa. Ba mu ce a saya wa kowace jami'a ba. A kafa 'yan kaɗan a shiyyoyi, a ɗauki masu kula da su, jami'o'in kusa su riƙa kai ɗalibansu bi da bi. Ballantana ma yanzu akwai ƙanana na bisa tebur masu maganaɗisun dindindin, waɗanda ba ruwansu da hiliyam, sun kuwa isa koyarwa. Na'urar infared da ta awon launi ba su kai wannan tsada ba ko kusa. Asusun TETFund, da aka kafa a 2011 da harajin kamfanoni, ya cika jami'o'inmu da gine-gine masu fenti, to yanzu a waiwayi abin da ke cikin ginin, da kuɗin gyara, da horar da masu gyaran, don na'ura ba ta mutuwa da tsufa a ƙasar nan, da rashin ɗan ƙaramin fitila ko fis take mutuwa, a lulluɓe ta da leda shekara goma.

In an ce babu kuɗi, to muna da ƙwaƙwalwa. A 2023 an saya wa 'yan majalisar tarayya motocin alfarma, majalisar da ke da wakilai 360 da sanatoci 109, kowace mota fiye da naira miliyan 100. Kuɗin mota guda ɗaya ya isa a sayi na'urar infared fiye da guda, har a yi ragowar sinadarai. Muna roƙon kowane ɗalibin kemistiri da ke karanta jaridar nan, da kowane uba da ya sayar da hatsi ko tunkiya ya biya masa kuɗin rajista, in wakilinku ya zo gida hutu cikin tasa motar, ku tare shi da ladabi ku roƙe shi ya bi ku sashen, ya ce a kunna masa na'urar ya gani.