Martani: Ba Jahilci Ne Ya Hana Manomin Ɗambatta Tura Kuɗi Ta Waya Ba

Malam, ka ɗora wa jahilci alhakin jan ƙafar da mutanen karkara ke yi wajen hada-hadar kuɗi ta waya, har kana neman a tara manoma a koya musu. Ka manta da farkon shekarar 2023 ke nan. Da Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin naira, tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo, masu awon gero da dillalan awaki a kasuwannin Ɗambatta da Bichi suka koyi karɓar taransifa cikin 'yan makonni, ba wanda ya buɗe musu aji. Da kuɗi suka dawo hannu, da yawa suka koma gidan jiya, domin sun yi lissafi. Sabis kan ɗauke ana tsakiyar ciniki, a zare kuɗin mai saye alhali ba su isa ga mai kaya ba. Mai POS ya yanki ladansa. Gwamnati ta cire naira 50 a turawar da ta kai naira 10,000. Wanda ribarsa a kwanon gyaɗa ba ta taka kara ta karya ba, ya fi ka sanin zafin wannan.

Za ka ce 'yan damfara na yashe asusun marasa sani. Haka ne, kuma nan wayar da kai take da amfani: a riƙa faɗa a rediyo cewa ba a ba kowa lambar sirri, ko da ya ce daga banki yake. Amma lacca ba ta kafa turken sabis, ba ta dawo da kuɗin da suka maƙale. Bankuna da kamfanonin sadarwa ya kamata ka nuna wa yatsa, Malam.