Masallacin Birni ya faɗi. Fada muke jira ta bi bayansa?

A farkon watan Satumba na 2024, ruwan sama ya kayar da tsohon masallacin Birni a Damagaram, ginin da ke tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19. Muka cika Facebook da hotuna, muka yi ta "Innalillahi", bayan kwana uku kowa ya kama gabansa. Aka ce ƙaddara ce. Ni ma na yarda da ƙaddara, amma ginin ƙasa ba ya faɗuwa rana guda. Sai ya tsage, sai gindinsa ya jiƙe, sai indararo ya toshe, shekara da shekaru yana faɗakar da mutane. Masallacin ya sha damina sama da 150 kafin wannan. Me ya sāke? Ruwa ya ƙaru, gaskiya ne, amma masu kula ma sun ragu.

Ga Fadar Sarkin Damagaram nan kusa da shi, tsararsa ce, ƙasa ɗaya aka kwaɓa musu. Shi ya sa nake wannan magana yanzu, tun ba a kai ga ta'aziyya ta biyu ba.

Ƴan uwa, mu san abin da muke shirin rasawa. A zamanin Sarki Tanimun Damagaram ta kai ƙarfin da ta kewaye Birni da ganuwa, ta ƙera igwa da hannun maƙeranta. A garin nan aka kashe Kyaftin Cazemajou a 1898, Faransawa suka dawo a 1899 suka kashe Sarki Amadu Kuran Daga. Zinder ce babban birnin Nijar har 1926. Fada ta ga duk wannan. Ina ganuwar Tanimun yau? Guntaye suka rage nan da can.

Kuma ba tarihi kaɗai ba ne, ilimi ne. Magini ya mulmula tubali da hannu, ya jera shi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, gindin bango da kauri, yana sirancewa zuwa sama. Ya yanko azara daga giginya domin gara ba ta cin ta da sauƙi, ya ɗaure ta gaɓa-gaɓa har ta zama bakan gizo mai ɗauke da rufin soro, babu ƙarfe ko ɗaya. A kan rufi a shafa laso, haɗin katsi na marina da gashin jima da dafara, ruwa ya zame ya bi indararo. A bango a yi makuba da ɓawon ɗorawa. Zankwaye su tsaya a kusurwa, fuskar zaure ta sha zane mai tudu, dagi da sauransu, wanda ke gaya wa baƙo darajar mai gida tun bai yi sallama ba. Wanda ya taɓa shiga irin wannan soro a watan Afrilu ya san sanyinsa, ko Nigelec ta kawo wuta ko ta ɗauke.

To wa ya iya haɗa laso a cikinmu? Maginan da suka iya sun tsufa, ƴaƴansu sun koma bulo ko kabu-kabu, kuma ba laifinsu ba ne: mu muka mai da ginin ƙasa alamar talauci. Mutum na samun kuɗi sai ya rushe zauren kakansa ya kafa akwatin siminti da kwano, ya kwana yana zufa.

Wasu za su ce a shafe Fada da siminti kowa ya huta. Wannan ba gyara ba ne, kisan mummuƙe ne. Bangon ƙasa yana shan danshi yana fitarwa. In ka rufe shi da siminti, ruwa ya shiga ta tsaga ya rasa mafita, ciki ya ruɓe, waje yana ƙyalli, sai ranar da zai zube gaba ɗaya.

Wasu kuma za su ce ana fama da tsadar hatsi da rashin tsaro, wa ke ta bango? Ku dubi Agadas. Tun 2013 tsohon garin, da fadar Sultan da hasumiyar nan mai mita 27, ke cikin kayan tarihin duniya na UNESCO. Birnin Zinder tun 2006 yake jerin masu jira, har yau shiru. A Jenne ta Mali gari ne ke fitowa kowace shekara ya yaɓe masallacinsa. A Yama ta jihar Tawa, Falke Barmu, magini ɗan ƙauye, ya gina masallacin ƙasa da ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Talauci bai hana su ba. Kuma yaɓe aiki ne da ake biya, kuɗinsa a gari yake tsayawa: mai amalanke, mai ɗebo ruwa, marini, majemi.

Abin kunya ma, mu matasa mun ari sunan: majalisar shayinmu "fada", gungun ƴan ƙarfi "palais". Suna muka ɗauka muka bar ginin.

Ga abin da muke nema. Hukumomin gari da na al'adu su ware kuɗin gyara kowace shekara kafin damina, su bayyana shi kowa ya gani. A binciki Fada da tsofaffin gidajen Birni, a gyara magudanan ruwa da ke gindinsu. A hana shafa siminti kan tsohon bango. Makarantun koyon sana'a su ɗauko tsofaffin magina su koyar, a biya su kamar kowane malami. Ɗaliban Jami'ar André Salifou su auna, su zana, su naɗi muryar dattawan nan tun suna raye. Masarauta kuma ta sa ranar gayyar yaɓe, ta kira mu.

Ranar hawan salla dukanmu muna ƙofar Fada da waya a hannu, muna ɗaukar dogarai da dawaki. Ranar kwaɓa ƙasa ma a gan mu a wurin, da kwando a ka.