RA'AYINMU: Takardun Amintattu Su Fito Daga Akwatin Ƙarfe

Maganar da muka kawo muku a wannan fitowa ba mai daɗin ji ba ce, domin maganar takardu ce da haraji, amma mun ga idan muka yi shiru a kanta wata rana za a tambaye mu dalili.

A ranar 26 ga Yuni 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji guda huɗu, kuma manyan biyu daga cikinsu sun fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026. Hukumar da muka sani da suna FIRS ta koma NRS. Tun lokacin jita-jita ta cika majami'u cewa wai gwamnati za ta sa hannu cikin baiko da zakka. Ba haka ba ne. Kuɗin da ƙungiyar addini ko ta taimakon jama'a ta samu ta hanyar baiko da kyauta babu haraji a kansa, haka yake a tsohuwar doka, haka kuma yake a sabuwa. Sai dai yafe wa ƙungiya biyan haraji dabam, yafe mata kai rahoto dabam, kuma a nan ne da yawa cikinmu suka yi barci. Ƙungiyar da ke da rajistar amintattu a hukumar CAC dole ta kasance da lambar haraji, ta kuma kai bayanin kuɗinta kowace shekara cikin wata shida bayan rufe lissafi. Wanda ya rufe littafinsa ranar 31 ga Disamba, ranar 30 ga Yuni ce iyakarsa. Sabuwar dokar ta sa tarar naira 100,000 a watan farko na jinkiri, da naira 50,000 a kowane wata da ya biyo baya. Ku lissafa da kanku: jinkirin shekara guda ya kama naira 650,000. Ikkilisiyar ƙauye nawa ce a Sakaba ko Fakai take tara wannan kuɗi ko a ranar godiyar kaka?

Kafin wani ma'aji ya firgita, bari mu rarrabe. Yawancin ikkilisiyoyinmu suna zaune ne a ƙarƙashin rajistar uwar ɗarika: ECWA a Jos, UMCA a Ilorin, 'yan'uwanmu Katolika a ƙarƙashin Dayosis na Kontagora. Su hedkwata ce take kai rahoto, amma hedkwata ba ta da abin da za ta kai in ban da abin da aka aiko mata daga ƙasa, saboda haka lissafin ƙaramar ikkilisiya a Ribah ko Mahuta yana shiga cikin abin da ake sa wa hannu a can. Waɗanda abin ya fi shafa kai tsaye su ne ikkilisiyoyi masu zaman kansu, da ƙungiyoyin bishara, da gidajen marayu, da asusun gwauraye, da ƙungiyoyin ci gaba da muka yi wa rajista dabam a shekarun baya domin mu buɗe asusun banki ko mu karɓi taimako daga waje. Da yawansu tun ranar da satifiket ya fito aka sa shi cikin gilashi aka rataye a ofishin Fasto, ba a sake komawa CAC ba. Akwai satifiket da ke ɗauke da sunayen amintattu biyar, uku daga ciki sun riga mu zuwa gida wurin Ubangiji, ba a kuwa canza su ba.

Mun san tarihin da ya sa mutanenmu suke ɗari-ɗari da wannan magana. A Janairu 2017 wata ƙa'ida ta hukumar kula da rahoton kuɗi ta sa Fasto Enoch Adeboye ya naɗa wani ya riƙe shugabancin ɗarikarsa a Nijeriya, bayan kwana biyu gwamnati ta dakatar da ƙa'idar. A Agusta 2020 Shugaba Buhari ya sa hannu a kan dokar kamfanoni ta CAMA, wadda sashe na 839 nata ya ba CAC ikon dakatar da amintattu ta naɗa masu riƙon ƙwarya, kuma CAN ta tashi tsaye ta ƙi. A Afrilu 2023 wata babbar kotun tarayya a Abuja ta soke wannan sashe tare da wasu da ke bin sa. Mun goyi bayan wannan gwagwarmaya, har gobe muna kan bakanmu cewa ba jami'in gwamnati ne zai zaɓa wa ikkilisiya shugabanni ba. Amma wannan hukunci bai taɓa dokar haraji ba, kuma shafin CAC yana nuna wa duk mai dubawa ko ƙungiya tana raye ko an rubuta ta cikin marasa aiki. Manajan banki yana dubawa, mai ba da tallafi daga Amurka ko Jamus yana dubawa, haka ma lauyan wanda ke jayayya da mu a kan filin majami'a. Mu da muke marasa rinjaye a Jihar Kebbi, waɗanda samun takardar fili kaɗai yakan zame mana doguwar tafiya, bai kamata mu bar irin wannan ƙofa a buɗe da hannunmu ba.

Akwai kuma harajin ma'aikata, wanda ba na ikkilisiya ba ne, na mai karɓar albashi ne, amma ikkilisiya ce doka ta ɗora wa cirewa ta kai wa hukumar tara kuɗin shiga ta jiha kafin 10 ga wata mai bi, da rahoton shekara kafin 31 ga Janairu. A sabon tsari naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kai, wato yawancin masu bishara na ƙauyuka ba su da abin biya. Malamin makarantar ikkilisiya da abin da za a lissafa masa ya kai naira 1,200,000 a shekara zai biya kashi 15 cikin 100 na naira 400,000 da suka haura, wato naira 5,000 a wata. Haka nan idan ƙungiya tana da injin niƙa ko wurin yin ruwan leda ko kantin sayar da kaya, wannan ciniki ne, ba baiko ba, dole a raba littafinsa, ko da a ƙarshe an tarar babu abin biya.

To, ina takardun da za a yi duk wannan da su? Kowa ya san amsa. Littafin ma'aji yana cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa. Bayanin taro yana cikin littafin rubutu na sakataren da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Birnin Kebbi shekara uku da suka wuce. Rasit na kwanon rufi yana aljihun shugaban kwamitin gini. Gara ta ci wasu, ruwan damina ya jiƙa wasu. Ga kuma abin da ya fi ciwo: a yankin Danko/Wasagu da Sakaba ikkilisiyoyi sun watse saboda 'yan bindiga, mutane sun gudu da 'ya'yansu a hannu, babu wanda ya tsaya ɗaukar littafin kuɗi, kuma babu mai ganin laifinsu. Amintattun da dā suke zama ƙarƙashin itace ɗaya bayan sujada, yau ɗaya yana Zuru, ɗaya yana Kontagora, ɗaya yana wurin ɗansa a Kaduna, hanyar kuwa ba kullum take biyuwa ba.

Wannan ne ya sa muke goyon bayan shawarar da matasanmu masu ilimin kwamfuta suka daɗe suna kawowa, cewa kowace hukumar amintattu ta buɗe wa kanta rumbu a intanet. A ƙasashen Turai da Amurka akwai manhajoji da aka gina domin wannan aiki kawai, irin su BoardEffect da Boardable da OnBoard, inda ake aika takardar kiran taro, a ajiye bayanin taro, a kaɗa ƙuri'a, a sa hannu, manhajar kuma ta riƙa tuna wa mutane ranar kai rahoto. Su ma can sai da suka ji jiki suka koya: a Yuni 2011 hukumar haraji ta Amurka ta janye rangwamen ƙungiyoyi kusan 275,000 domin sun yi shekara uku a jere ba su kai rahoto ba, yawancinsu kuwa ƙanana ne irin namu. Amma a gaskiya ba mu ba kowace ikkilisiya a ƙasar Zuru shawarar biyan waɗannan ba. Da dala ake biyansu kowace shekara, an kuma tsara su bisa dokokin wasu ƙasashe. Wanda ya zo muku da ƙaton farashi yana cewa sai da irin wannan za ku tsira daga tara, ku ba shi ruwa ya sha ku sallame shi.

Abin da muke bukata bai kai haka ba. Adireshin imel ɗaya da sunan ƙungiya, ba da sunan Fasto ko sakatare ba, yana zuwa da wurin ajiya na Google Drive kyauta wanda zai ɗauki takardun shekaru masu yawa. A ciki a sa hoton satifiket, da kundin tsarin mulki, da lambar haraji, da takardar fili, da bayanin kowane taro bayan an karanta an amince an sa hannu, da takardar banki ta kowane wata, da rahoton odita. Duk ranar da aka ƙirga baiko, a ɗauki hoton shafin da masu ƙirga suka sa wa hannu a tura. A saka ranakun 31 ga Janairu da 30 ga Yuni da 31 ga Disamba cikin kalandar da za ta yi ƙara a wayar kowane amintacce wata guda kafin lokaci, ta ƙarshen ita ce iyakar da CAC ta saba karɓar rahoton shekara. Tun 2021 da FIRS ta buɗe shafin TaxPro-Max aikin kai rahoto ya koma intanet, CAC ma haka, saboda haka akantan da ke Sakkwato ko Abuja zai iya gama aikin ba tare da wani dattijo ya hau mota da jakar takardu ba. WhatsApp yana da kyau wajen kiran taro, amma ba ma'ajiya ba ne. Waya ta faɗa rijiya, tarihin ƙungiya ya tafi da ita.

Sai dai muna da gargaɗi, kuma muna so dattawa su karanta wannan wuri sau biyu. Kalmar sirri ita ce makullin akwatin ƙarfe na yau. Idan tana hannun saurayi ɗaya saboda shi ne ya iya, to mun ɗauke iko daga majalisar dattawa mun ba shi ba tare da an zaɓe shi ba, ranar da ya yi fushi ko ya tafi bautar ƙasa kuma shi ke nan. Mutum biyu ko uku da majalisa ta naɗa su riƙe ta, a rubuta naɗin cikin bayanin taro, a canza ta duk lokacin da aka canza shugabanni. Sauran amintattu a ba su ikon dubawa kawai, ban da gogewa. Wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu. Ezra ya auna azurfa da zinariya a gaban shaidu kafin a tashi daga kogin Ahawa, aka sake aunawa a Urushalima aka rubuta. Manzo Bulus bai yarda gudummawar ikkilisiyoyi ta tafi a hannun mutum ɗaya ba, ya haɗa Titus da 'yan'uwan da ikkilisiyoyi suka yarda da su, domin kada wani ya sami abin zargi.

Na biyu, ba kowace takarda ce za ta hau intanet ba. Rajistar baftisma, sunayen sababbin tuba, sunayen waɗanda aka tara wa kuɗi a lokacin wahala, da bayanin horon ikkilisiya, hukumar haraji ba ta neme su ba, kuma a wurin da muke zaune fitar irin wannan suna yana iya jawo wa mutum rasa gida ko abin da ya fi haka. Dokar kare bayanan mutane ta 2023 ma ta sa addinin mutum cikin bayanan da ke bukatar tsaro na musamman. Waɗannan su zauna a takarda, a hannun Fasto.

Takardar ma kada a yar da ita. A Satumba 2021 an rufe layukan waya a Jihar Zamfara da ke maƙwabtaka da mu har tsawon makonni, ko yau ma akwai ƙauyukan da sai an hau tudu ake samun sabis. Littafin ma'aji na asali ya ci gaba, da biro da sa hannu, na intanet ya zama abokinsa. Kuma dattijon da bai iya latsa waya ba yana da haƙƙin a buga masa rahoton kuɗi a takarda, a karanta masa da Hausa ko da C'lela, ya yi tambayarsa a ba shi amsa. Iyayen da suka gina waɗannan majami'u da jar ƙasa tun zamanin mishan ba za su zama 'yan kallo a taron amintattu ba saboda rashin data.

Abu ɗaya da ake yawan mantawa: idan kundin tsarin mulkin ƙungiyarku bai ambaci taro ta waya ko ta intanet ba, shawarar da aka yanke ta wannan hanya wani zai iya ƙalubalantarta gobe. Ku gyara kundin a babban taro, ku faɗi mutum nawa ne suka isa a yanke shawara, ku sanar da CAC. Canza amintattun da suka rasu shi ma yana da hanyarsa, har da buga sanarwa a jarida da jiran kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi, wato ba aikin mako guda ba ne. Muna roƙon kowace majalisar dattawa, a zamanta na gaba, ta sauko da satifiket ɗin daga bango, a karanta sunayen da ke ciki da ƙarfi, a ga su wa suke raye, sannan a sa mutum biyu su duba sunan ƙungiyar a shafin CAC su kawo amsa a zama mai zuwa. Gundumomin da ke da akanta ko lauya cikin membobinsu su ba da aronsa ga ikkilisiyoyin da suka yi gudun hijira, domin su ne ba su da littafi ko ɗaya da za su fara da shi.