Koko ta Biyu: Gubar da Muke Saye da Kuɗinmu

A shekarar 1988 waɗansu ɗalibai 'yan Nijeriya masu karatu a Italiya suka aiko wa jaridun gida da labarin cewa ana jibge sharar masana'antu mai guba a Koko, wani ɗan gari na bakin ruwa a tsohuwar Jihar Bendel, wanda yanzu yake cikin Jihar Delta. Da aka bincika sai aka tarar da dubban ganguna, fiye da tan 3,500, a filin wani bawan Allah da ake biya dala 100 a wata. Ƙasa ta ɗauka. Gwamnatin soja ta janye jakadanta daga Rum, aka tilasta wa masu kayan suka kwashe abinsu. A wannan shekara aka kafa Doka ta 42, wadda ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai shigo da irin wannan shara, aka kuma kafa hukumar kiyaye muhalli ta tarayya. Yarjejeniyar Basel ta biyo baya a 1989, ta Bamako kuma a 1991, wadda ta haramta shigo da shara mai guba Afirka ɗungum.

Mun tuno da wannan ne domin gubar ba ta daina zuwa ba, shiga kawai ta sake. Ta Koko a ganga ta zo, kowa ya gan ta ya san abin gudu ce. Ta yau kuwa tana zuwa ne a siffar talabijin da firji da kwamfuta da wayar hannu, mu kuma muna rububin sayenta da guminmu.

Rahoton da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2024 ya nuna cewa a shekarar 2022 kaɗai duniya ta zubar da tan miliyan 62 na matattun kayan lantarki, kuma kashi 22 cikin ɗari ne kawai aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida. Wani bincike da aka yi a tashoshin jiragen ruwa na Legas a 2015 da 2016 ya gano cewa kimanin tan 60,000 na kayan lantarki na hannu ke shigowa a shekara, kuma fiye da tan 15,000 daga ciki matattu ne tun daga can. Akasarinsu an cuso su ne cikin tsofaffin motoci, inda idon mai duba kaya ba ya cika kaiwa. Daga kasuwar Alaba da ta Ikeja kayan kan hauro har Kano da Kaduna da Maraɗi. Mai aikowa ya huta da kuɗin sarrafa shararsa, mu kuma mun biya kuɗin jirgi mun ɗauko wa kanmu jidali.

Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mafi yawan wannan shara a yau daga gidajenmu da ofisoshinmu take fitowa. Cajar da ba ta wata uku, fitilar caji da ake yarwa kafin damina ta fita, batirin sola da na inbata da ke mutuwa cikin 'yan shekaru: duk mu ne masu saye, mu ne masu zubarwa. Dā can Bahaushe ya ce araha ba ta ado.

Ya kamata mu san abin da ke cikin kayan nan. Gilashin tsohuwar talabijin mai ƙeya yana ɗauke da dalma mai yawa, haka ma batirin mota da na sola. Dogon ƙwan fitila fari yana da zaiba a cikinsa. Robar da ta lulluɓe waya kuwa, idan aka cinna mata wuta don a ciro jan ƙarfen ciki, hayaƙinta yana fitar da sinadarai masu haddasa ciwon daji. Tokar ta zauna a ƙasa, ruwan sama ya wanke ta zuwa kududdufi da rijiya, akuya ta yi kiwo a wurin, mai lambu ya yi ban ruwa, daga nan sai tukunyarmu. Dalma ba ta ruɓewa, kuma babu wani ɗan ma'auni nata da likitoci suka yarda cewa ba ya cutar da yaro. Tana dakushe ƙwaƙwalwa, illar kuma ba ta gyaruwa. Wanda ke shakka ya tuna da Zamfara a 2010, inda dalmar da ke cikin duwatsun zinariya ta kashe yara fiye da 400. Hanyar da ta bi daban ce, amma gubar ɗaya ce.

Su wa ke shaƙar hayaƙin nan kullum? Ƙannenmu ne, 'yan jari bola, masu yawo da kura da buhu a biranen Arewa da na Kudu. Waɗansu na ganin maganin abin shi ne a kore su. A Ghana an gwada haka: a 2021 aka rushe filin Agbogbloshie na Ankara, wanda ya yi ƙaurin suna a duniya, masu sana'ar kuwa suka watsu cikin unguwanni da abin da suka iya. Yunwa ba ta jin doka. Waɗannan yara su ne kaɗai ke bi gida gida suna tattara abin da hukuma ta kasa tattarawa, saboda haka abin da ya dace shi ne a yi musu rajista, a ba su injin feɗe waya maimakon ashana, a kuma sayi kayan daga hannunsu da farashin da ya fi na ƙonawa.

Wani zai ce, in aka hana kayan hannu, ɗan talaka da me zai yi karatu? Wannan magana gaskiya ce, da yawanmu da irin kwamfutar nan muke rubuta kundin digiri. Ba mu ce a hana mai aiki ba. Cewa muka yi a gwada kaya tun a tasha, mai rai ya shigo, matacce ya koma inda ya fito a kan kuɗin mai aikowa. Dokar ma akwai ta. Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, ta fitar da ƙa'idojin kayan lantarki tun 2011, waɗanda suka ɗora wa masu ƙerawa da masu shigowa nauyin karɓar kayansu idan sun mutu. Tun farkon 2025 kuma Yarjejeniyar Basel ta wajabta neman izinin ƙasa kafin a aika mata da kowace irin sharar lantarki. Abin da ya rage shi ne aiki da su.

To, mene ne namu? Mu ɗalibai, mu nemi hukumar jami'a ta keɓe wurin ajiye matattun wayoyi da batura a kowane ɗakin kwana, ƙungiyarmu ta kula da shi, a riƙa miƙa su ga kamfanin da ke da lasisin sarrafawa. Sassan kimiyya su auna ƙasa da ruwan rijiyoyin da ke kusa da wuraren ƙona waya, su bayyana sakamakon da harshen da mutanen unguwa za su fahimta. Mu kuma daraja masu gyara, irin na kasuwar Farm Centre ta Kano, domin wayar da aka ƙara wa shekara biyu ta rage wa bola kaya ɗaya.

Ku kuma 'yan'uwanmu da kuka fara aikin gwamnati, ku leƙa sito na ma'aikatunku ku ga tulin kwamfutoci da na'urorin buga takardu da ke jiran ranar gwanjo. Wanda ya saye su zai ciri abin da yake so, sauran sai wuta. Ku ne ke rubuta takardun kwangila. Layi ɗaya ya isa: duk wanda ya kawo sabo, shi zai ɗauke tsoho, ya kuma kawo shaidar inda ya kai shi.

Ɗaliban 1988 suna ƙasar wani, ba su da komai sai takarda da alƙalami, amma suka sa aka kwashe gangunan Koko. Mu ga mu a gida, muna ganin hayaƙin da idonmu a bayan katangar makaranta. Ba mu da uzurin yin shiru.