A daina auna baƙon shirin kimiyya da tsawon muƙaminsa

A ɗakunan shirya shirye-shiryen kimiyya, na rediyo ne ko na intanet da ake kira fodkas, akwai ƙa'idar da kowa ya haddace ko da yake ba a rubuce take ba: in ana neman baƙo, a nemo Farfesa. Jami'an hulɗa da jama'a na jami'o'i da na kamfanonin ɗab'i sun daɗe da gane haka. Shi ya sa wasiƙar da suke tallata gwaninsu da ita kan fara da jerin digiri, da lambobin yabo, da sunan jami'ar wajen da ya halarta, sai can ƙasa, in an yi sa'a, a ambaci abin da zai yi magana a kai. Wannan tunani gurguwar fahimta ce, kuma mai sauraro ne ke kwana a ciki.

Ilimin kimiyya ya yi rassa da yawa, har ta kai ga ƙwararre a reshe ɗaya baƙo ne a na kusa da shi. Linus Pauling, Ba'amurken da ya lashe kyautar Nobel a fannin sinadarai a 1954, ya fito a 1970 yana cewa shan bitamin C da yawa na kare mutum daga mura, daga baya ya ƙara da ciwon daji. Girman sunansa ya sa jama'a suka yi ta saye. Gwaje-gwajen da asibitin Mayo ya wallafa a 1979 da 1985 ba su gano wani amfanin hakan ga masu ciwon dajin da ya yi nisa ba.

Fodkas ya ƙara wa wannan matsala ƙarfi, domin hira ce ta sa'o'i, babu edita a tsakani. A watan Disamban 2021 Joe Rogan, mai ɗaya daga cikin shirye-shiryen da aka fi saurare a duniya, ya karɓi Dokta Robert Malone, wanda ya yi aiki kan fasahar mRNA, wadda aka yi wasu alluran korona da ita, tun ƙarshen shekarun 1980. Takardunsa na gaske ne. Amma abin da ya faɗa kan allurar korona ya sa likitoci da masana 270 suka rubuta wa Spotify, dandalin da ke ɗauke da shirin, buɗaɗɗiyar wasiƙa a Janairun 2022, mawaƙi Neil Young kuma ya janye waƙoƙinsa daga dandalin.

Arewacin Najeriya ya ga nasa. A 2003 jita-jitar cewa allurar shan inna na hana haihuwa ta samu gindin zama ne saboda har da likita sananne cikin masu faɗarta. Jihar Kano ta dakatar da rigakafi har zuwa tsakiyar 2004, cutar ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, sai a Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta kuɓuta daga ƙwayar cutar ta asali.

Masu kare ƙa'idar za su ce muƙami ne kaɗai ma'aunin da mai shiri ke da shi, tunda shi ba masani ba ne. Akwai gaskiya kaɗan a ciki, amma uzurin lalaci ne. Shirin Science Vs, wanda Wendy Zukerman ke gabatarwa, yakan wallafa rubutacciyar hirarsa tare da madogarar kowace magana. Tambayar baƙo inda ya wallafa bincikensa, da kiran wani masani na fanninsa a ji ta bakinsa, ba sa buƙatar digiri, lokaci kawai suke ci.

Asarar ta fi yawa a wajen waɗanda ake bari a ƙofa. Mohammed Bah Abba ya kasance malami a Jigawa, daga gidan magina tukwane. Ya saka tukunya cikin tukunya, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi. Ruwan na ƙafewa yana janye zafi, tumatir da gauta su daɗe ba wutar lantarki. Ya karɓi kyautar Rolex a 2000. A Maradi da sauran yankunan kudancin Nijar, manoman da suka bar kututture ya tsiro a gonakinsu tun shekarun 1980 su suka dawo da bishiyoyi kimanin miliyan 200. Ɗalibar digiri na uku da ke kwana tana kama sauro ta fi shugaban tsangayarta sanin yadda sauron ke bijire wa magani a yau. Wasiƙar da ke farawa da muƙami ba ta da gurbin ko ɗaya daga cikinsu.

Mai tallata baƙo ya fara da tambayar da gwaninsa zai amsa, da aikin da ya yi a kanta da hannunsa, da ɗan faifan da ke nuna yana iya bayani da harshen da manomi zai gane. Mai shiri kuma ya tambayi baƙon inda iliminsa ya tsaya, ya hana shi ƙetare iyakar a gaban makirfo. Duk wasiƙar da ta kasa faɗin waɗannan, masu shirye-shirye su mayar da ita, ko da sunan wa ke samanta.